Littafin Mambobi

Ranar Talata nake buɗe ofis,
bene na biyu, saman shagon magani,
a garinmu na bakin kogin Minho, arewacin Portugal,
inda taga ɗaya ke kallon tsohuwar kasuwa.

Ni ce Ermelinda, sakatariyar ƙungiyar masu shaguna.
Shekara talatin da ɗaya littafin nan na hannuna.
Ran da na karɓe shi, suna ɗari uku da goma;
bana na bi da yatsa, saba'in da huɗu,
biyu ma daga cikinsu asibiti suke ta zuwa da dawowa.

Gualter mai gyaran takalma na ja wa jan biro.
Ba faɗa muka yi ba, gwiwa ce ta gaji,
ɗansa kuma na tuƙa babbar mota a Faransa.
Leocádia mai yadi ta ce mini, "Mata na shigowa,
su shafa, su taya, su ɗauki hoto,
su koma gida su saya a waya.
Ni mai nunawa ce yanzu, wani ne mai sayarwa."

Da, kasuwa a kai miki dole;
yau ita ke hawa farar mota tana ƙwanƙwasa ƙofofi.
A bakin babbar hanya an dasa katafaren kanti,
wurin ajiye motarsa ya fi filin ƙwallonmu faɗi.
Ba ya biyan kuɗin ƙungiya, ba ya zuwa jana'iza,
amma ran Asabar can garin ke tururuwa.

Taron wata: kujera arba'in, mutum tara.
Shugaba Custódio ya gyara tabarau, ya buga tebur.
Awa biyu kan fitilun Kirsimeti:
wa zai rataya, wa zai biya wuta,
tunda ƙaramar hukuma ta ce asusunta ya ƙafe?
Kofi ya huce a kofuna.
Aka tashi ba matsaya, sai gaisuwa.

Sai ga Bishal, ɗan Nepal, wanda ya karɓi shagon Gualter,
ya cika shi da shinkafa, barkono da katin waya.
Ya hau benen yana haki, ya tsaya a gabana:
"Yuro sittin a shekara. To, me zan samu?"
Na buɗe baki in ce takardar bango, walimar ƙarshen shekara,
na dubi fuskarsa, na rasa ta cewa.

Bayansa Telma, jikar wata da muka yi aji ɗaya.
Sabulun man zaitun take dafawa a ɗakin girkin kakarta,
tana aikawa Jamus da Kanada a kwali.
Ba ta da kanta, ba ta da allo.
Dokarmu, sashe na huɗu, tun zamanin kakanni:
mamba sai mai ƙofa a titi.
Ita ƙofarta na cikin aljihu, dare da rana tana buɗewa.

Daren nan ban yi barci ba.
Na tuna shekarar da kogi ya shigo titin ƙasa,
yadda mahauci ya ɗauki buhunan mai burodi a kafaɗa,
yadda muka je wurin banki mu ashirin, baki ɗaya,
har ya ɗaga wa kowa ƙafa.
Tsinken tsintsiya shi kaɗai, me yake sharewa?

Da safe na sauko da littafin daga bene,
karo na farko da ya ga rana.
Na zauna kan buhun shinkafa na cika wa Bishal takardun haraji,
Telma ta koya wa Leocádia ɗora yadi a waya,
yatsun tsohuwa na rawa, tana tsaki, tana sakewa.

Custódio bai yarda ba tukuna.
Ya ce doka doka ce, ran Alhamis za a kaɗa ƙuri'a.
Ni dai na rubuta sunaye biyu da fensir,
saba'in da biyar, saba'in da shida,
na ɓoye abin gogewa.